An cire wa mahaifina ido saboda melanoma: na gaji ciwon ne, kuma in fasa auren 'yar gwaggona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina sana'ar walda a Garwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 52 ganin idonsa na hagu ya fara dushewa. Aka yi ta magani a gida, daga baya aka kai shi Yawunde, likitoci suka ce wani tsiro ne a cikin idon mai suna melanoma, suka cire idon. Bayan shekara 4 cikinsa ya kumbura, aka ce hanta ce, ya rasu. Ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wato gwaggona, ita ma an cire mata ƙoda ɗaya shekarun baya, amma tana raye. 'Yarta nake nema, har an kai gaisuwa. Yanzu wasu daga dangin mahaifinta suna cewa ciwon babanmu na gado ne, kada a ba ni ita. Ni kuma akwai wani ɗigo mai ruwan ƙasa a farin idona, kullum sai na duba shi a madubi. Mun yi gwajin sikila, ni AA, ita ma AA. Shin na gaji wannan ciwo? Kuma in haƙura da auren?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. A yau dai, da kai da masu cewa kada a ba ka yarinyar, babu wanda ke riƙe da hujjar yanke hukunci. Hujjar tana cikin takardu biyu, ta idon Baba da ta ƙodar gwaggo, kuma duk abin da za mu faɗa maka a ƙasa ya rataya ne a kan abin da aka rubuta a cikinsu.

Melanoma ciwon daji ne da ke tasowa daga ƙwayoyin jiki masu yin launi, waɗanda suke ba fata duhunta. Akwai irinsu a cikin ido, a wani shimfiɗi mai yawan jijiyoyin jini da ke tsakanin farin ido na waje da tantanin gani na ciki. Shimfiɗin ya faro daga baƙin ido da muke gani, ya bi ta wani zobe da ke bayansa, ya zagaye bayan ido duka. Kusan kashi 90 cikin 100 na melanomar cikin ido a can baya take fitowa, inda madubi ba ya nunawa. Shi ya sa takan girma shiru, ba zafi, har sai ta taɓa tantanin gani mutum ya fara ganin hazo, ko walƙiya, ko wata inuwa da ta tsaya a gefe ɗaya. Ciwo ne da ba shi da yawa: a Amurka kimanin mutum 5 cikin miliyan ke kamuwa a shekara, akasarinsu fararen fata masu idanu shuɗi ko kore, kuma yawanci a wajejen shekara 60. A cikin baƙar fata adadin bai kai mutum 1 cikin miliyan ba. Wannan ƙarancin ne ya sa muke dagewa a ga takarda. A ƙasashenmu ana cire ido saboda dalilai da dama da suka fi melanoma yawa, kamar rauni, ruɓewar ido bayan gyambo, hawan jinin ido da ya kai ƙarshe yana zafi, da wani ciwon daji na saman ido da rana da cutar ƙanjamau ke ingiza shi. Wani lokaci kuma likita yana faɗin zatonsa kafin aiki, iyali su riƙe kalmar, sakamakon gwajin naman ya fito daga baya babu wanda ya koma ya karɓa.

To a ce takarda ta tabbatar melanoma ce. Har yanzu mafi rinjaye ba gado ba ne. Yawancin masu wannan ciwo, sauyin da ya haddasa shi a cikin ƙwayar ido ɗaya ya faru, a tsakiyar rayuwa, galibi a ƙwayoyin gado guda biyu da ake kira GNAQ da GNA11. Wannan sauyin yana cikin tsiron kaɗai, ba ya cikin maniyyi ko ƙwan mace, don haka ba ya wucewa ga 'ya'ya. Waɗanda suka zo duniya da lahanin su ne 'yan kaɗan, kimanin 1 zuwa 2 cikin 100 na masu ciwon, kuma ƙwayar gadon da aka fi sani da wannan ita ce BAP1, wadda ke kan kuromozom na 3. A 2010 masu bincike a Amurka suka gano cewa tana lalace a mafi yawan melanomar ido da ta bazu zuwa jiki, a 2011 kuma aka bayyana iyalai da suke gadon lahaninta kaka da kakanni.

Aikin BAP1 shi ne taka wa ƙwayoyin jiki birki kada su hayayyafa ba ƙa'ida. Kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kamar babur mai birkin gaba da na baya. Wanda ya gaji lahanin an haife shi da birki ɗaya, yana tafiyarsa lafiya shekara da shekaru, sai ranar da na biyun ya tsinke a wata ƙwaya guda, a ido ko a ƙoda ko a wani wuri, daga nan tsiro ya fara. Wannan ya bayyana abu biyu. Na farko, mafi yawan masu ɗauke da lahanin ba sa samun na ido, ko da yake da yawansu sukan haɗu da ɗaya daga cikin cututtukan dajin da ke tafiya da shi a tsawon rayuwa. Na biyu, ciwon yakan zo musu da wuri, kimanin shekara 10 kafin lokacin da ya saba zuwa wa sauran mutane. Cututtukan da ke tafiya tare da shi sanannu ne: melanomar ido, melanomar fata, dajin ƙoda, da dajin tantanin da ya lulluɓe huhu ko hanji wanda ake kira mezoteliyoma. Akan kuma ga wasu 'yan ƙuraje masu tudu a fata, launin jiki ko jaja-jaja, a kai ko wuya ko gangar jiki, tun daga ƙuruciya.

Nan ne labarinka ya sa muka gyara zama. Melanomar ido a shekara 52 ita kaɗai ba za ta ɗaga mana hankali sosai ba. Amma idan ƙanwarsa ta jini ta yi dajin ƙoda, wannan haɗuwa ce da likitocin gado suke cewa a yi gwaji a kanta. Sai dai kuma cire ƙoda ba ya nufin daji. A yankin Binuwai da Lagdo, inda tsargiya ta yi yawa, ƙoda takan mutu saboda toshewar hanyar fitsari, ko tsakuwa, ko tarin fuka da ya sauka can, a cire ta ba tare da wani tsiro ba. Idan takardar gwaggo ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan, zancen gado ya yi rauni ƙwarai.

Takardar da kake nema ita ce sakamakon gwajin nama, wadda ma'aikatan asibiti ke kira anapat. Takardar sallama ko ta kuɗin aiki ba za ta wadatar ba. Fara da akwatin Baba da karnen asibitinsa, wato ɗan littafin da likitoci ke rubuta masa. Idan babu, ka je asibitin da aka yi aikin da cikakken sunansa, shekarar aikin, da shaidar cewa kai ɗansa ne, ka tambayi sashen ido ɗakin gwajin da suka tura idon. A Yawunde Cibiyar Pasteur na cikin wuraren da ke wannan gwaji, kuma tana da reshe a nan Garwa inda za ka iya tambayar hanyar neman tsohon sakamako. Ka tambaya kuma ko ɗan guntun naman da aka daskarar a cikin kakin farafin yana nan. Irin wannan guntu yana ajiyuwa shekaru, kuma akwai rinin da ake yi masa a ga ko BAP1 na aiki a cikin tsiron. Idan tana aiki, da wuya ƙwarai a ce gado ne. Idan ba ta aiki, ba a gama magana ba, domin kusan rabin melanomar ido sukan rasa ta a cikin tsiron kawai. Bayan haka ka zauna da wata tsohuwa a dangi ka rubuta zuriyar kakanka na wajen uba, hawa uku: wa ya rasu, yana da shekara nawa, da wane ciwo, wa aka taɓa zuƙe wa ruwa a ƙirji ko a ciki, wa aka cire wa ido ko ƙoda. Likita zai fi amfana da wannan shafi ɗaya fiye da dogon bayani da baki.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ya fi BAP1 gaggawa, kuma ba ka tambaya a kansa ba. Gaskiya ne melanomar ido hanta ta fi nufa idan ta bazu, kusan 9 cikin 10 na waɗanda ta bazu musu a can take sauka, kuma tana iya ɓulla shekaru bayan an cire idon. Shekara 4 ta yi daidai da haka. Amma kumburin ciki da mutuwar hanta ga namiji ɗan hamsin da wani abu a arewacin Kamaru ko Cadi ya yi daidai da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi katutu a yankinmu, kuma shi ma yana bin gida, daga uwa zuwa jariri, tsakanin yara, da tsakanin miji da mata. Kamaru ta saka rigakafinsa cikin alluran jarirai a 2005, kai kuwa an haife ka kafin nan. Ka yi gwajin jini na AgHBs, wato na ciwon hanta nau'in B, a makon nan, kai da ƙannenka da mahaifiyarku da wadda kake nema. Ana yin sa a asibitin yanki da ɗakunan gwaji na gari, sakamako yakan fito a rana ɗaya. Wanda ba shi da cutar ya yi allurar rigakafi sau 3: yau, bayan wata 1, da bayan wata 6. Wanda yake da ita akwai magani da bibiya.

Ɗigon farin idonka kuwa, mai yiwuwa ba komai ba ne. Baƙar fata da yawa suna da shimfiɗaɗɗen launin ƙasa a farin ido, musamman a gefen baƙin, yawanci a idanu biyu, yana ɗan ƙaruwa da shekaru. Launin jiki ne kawai. Wanda ake jin tsoro shi ne mai tudu, mai girma wata bayan wata, a ido ɗaya, da manyan jijiyoyin jini da suka nufo shi, ko fari mai kama da tsoka. Haka kuma idan farin idon gefe ɗaya ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi tun haihuwa, wani lokaci har da fatar fuska ta wannan gefen, wannan alama ce da ke ƙara haɗarin melanomar ciki da hawan jinin ido, mai ita yana buƙatar dubawa duk shekara. Ka daina duba madubi kullum, abin da ake kallo kullum ba a gane canjinsa. Ka sa wani ya ɗauki hoton ɗigon da waya a hasken rana, ka sake bayan wata 3 daga nisa ɗaya, ka kwatanta.

Abin da zai faɗi gaskiyar cikin idonka shi ne duban bayan ido bayan an buɗe shi da magani, wanda likitoci ke rubutawa fond d'œil. Awon gilashi a shago ba shi ba ne. Ka je wajen likitan ido, ka faɗa masa tarihin Baba tun a farko, ka ce idanu biyu kake so a duba har gefe-gefe. Za a auna ƙarfin ruwan ido, a ɗiga maganin da ke buɗe ƙofar tsakiyar baƙin ido, a jira minti 20 zuwa 30. Idanunmu masu duhu sukan yi jinkirin buɗewa, kada ka yi mamaki idan an sake ɗigawa. Bayan nan za ka ga dishi-dishi kuma rana za ta dame ka awa 4 zuwa 6, don haka kada ka zo a kan babur kai kaɗai, kada kuma ka koma walda ranar. Inda ake yawan kuskure shi ne a leƙa ido ba a buɗe ba, a ga tsakiya lafiya, a sallami mutum, alhali tsiron yana can gefe. Idan aka ga tabo mai duhu, sai ekografin ido, wato hoton cikin ido da na'ura, ya auna kaurinsa. Tabo shimfiɗaɗɗe da bai kai milimita 2 ba yawanci tawadar Allah ce ta cikin ido, a ɗauki hotonsa a sake gani bayan wata 3 zuwa 6. Wanda ya haura milimita 2, ko yake da ruwa a ƙarƙashin tantanin gani, ko ɗigo-ɗigon launin lemo a samansa, ko yake dab da jijiyar gani, shi ake turawa gaba, misali cibiyar ido ta Magrabi da ke Obak kusa da Yawunde.

Gwajin BAP1 kansa da jini ake yi, mililita uku zuwa biyar a kwalbar nan mai murfi shunayya, ko da yawu, a aika ɗakin gwaji na ƙasar waje ta hannun likita. Yana da tsada kuma yakan ɗauki makonni, saboda haka tsarin wanda za a fara gwadawa yana da muhimmanci. Idan takardar gwaggo ta nuna daji, ita ce ta farko, ba kai ba. In aka sami lahani a jikinta, an san ainihin abin da ake nema, sai a duba wannan gurbi ɗaya a jikinka da na 'yarta, kuma wanda ba a samu a jikinsa ba ya fita, shi da zuriyarsa. In kuwa kai ka fara aka ce babu, ba za a san ko gidan ne ba shi da lahanin ko kai ne ka tsallake ba, ƙannenka da yarinyar suna nan cikin duhu. Akwai kuma sakamako na uku mai rikita mutane, inda za a ce an ga wani sauyi da ba a tabbatar yana cutarwa ba. Ba a fasa aure a kan irin wannan, ba a kuma gwada dangi da shi.

Yanzu maganar aure. Gwajin sikila bai shafi wannan ba ko kaɗan, AA ɗinku tana nan daram amma ba ta ce komai a kan BAP1 ba. Lissafin ma daban ne. Sikila sai uwa da uba sun haɗu sun ba yaro kafin ta bayyana, wannan kuwa kwafi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa, mace ko namiji, yana da rabi da rabi. Mu ɗauki mafi muni, a ce Baba da gwaggo duka suna ɗauke da shi kuma ba a gwada ku ba. Kai rabi, ita ma rabi, domin uwarta ce. Idan ka auri bare, kowane ɗanka yana da kashi 25 cikin 100 na gadonsa. Ita ma in ta auri bare haka ne. Idan kuka auri juna, ya hau zuwa kusan kashi 44. Ƙari ne na gaske, ba za mu ɓoye maka ba. Amma ka lura, dangin mahaifinta da suke ganin hana ka ita zai tsare ta, in dai zatonsu gaskiya ne to ita ma matsayinku ɗaya. Gwaji kuma yana rushe wannan lissafin gaba ɗaya: akwai damar 1 cikin 4 a tarar ku biyun babu mai shi, damar rabi a tarar ɗayanku ne kawai, wanda hakan daidai yake da mai ɗauke da shi ya auri kowa. Ra'ayinmu shi ne kada a fasa, kada kuma a sa rana, har takardun biyu su fito. Idan ƙodar gwaggo ba daji ba ce, kuma zuriyar ba ta nuna wani abu ba, ba mu ga dalilin lafiya na hana auren ba.

Ko da an tabbatar kana ɗauke da shi, abin da ke biyo baya bibiya ce. Duban bayan ido sau ɗaya a shekara, wasu ƙwararru suna farawa da yara tun shekara 11, wasu sai 16 zuwa 18. Duban fata duk shekara, har da tafin ƙafa da tafin hannu da farata, inda melanoma ta fi kama baƙar fata. Ekografin ciki don ƙoda daga wajen shekara 30. Amfanin wannan wahala a bayyane yake a ido: tsiro ƙarami ko matsakaici ana iya ƙona shi da wani ɗan faifai mai fitar da hasken radiyeshon da ake ɗinkawa a bayan ido na kwana 3 zuwa 7, ko da wani hasken ƙona tsiro mai suna furoton, irin wanda ake yi a Faransa, idon ya zauna. Babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada ya nuna cewa a matsakaicin tsiro, waɗanda aka sa wa faifan da waɗanda aka cire wa ido tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. Tsiron da ya haura milimita 10 a kauri kuwa yawanci sai cirewa. Tsakanin wannan dubawa da wancan, sau ɗaya a wata ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka kalli ƙofa ko layin bulo da ɗayan, sannan ka sauya. Inuwa, lanƙwasar layi, ko walƙiya da ta ƙi tafiya, ka je asibiti cikin makon, kada a tsaya ɗiga wani abu a gida.

Sana'arka ma tana cikin maganar, ko ka gada ko ba ka gada ba. Hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon ta sanya hasken walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo melanomar ido. Baƙin tabarau na kasuwa da muke ganin masu walda na sawa, ko kau da kai ana rintse ido, ba ya tare wannan haske. Garkuwar fuska kake buƙata mai gilashi lamba 10 zuwa 13, gwargwadon ƙarfin wutar, kuma yaran shagonka masu riƙe maka ƙarfe su ma haka. Ka nisanci yanka ko gurza tsohon rufin asbesto, da tsoffin takalman birki, da farin abin da ake naɗe tsoffin bututu da shi, domin ƙurarsu ce ke jawo mezoteliyoma, kuma mai lahanin BAP1 ya fi kowa saurin cutuwa da ita. In kana shan taba ka bari, tana ƙara haɗarin dajin ƙoda.

Wajen gwaggo kuma, kada ka tunkare ta da kanka kana neman takardar asibitinta a tsakiyar rigimar aure, za a ɗauka tonon asiri ne. Ka bi ta wajen baffanku ko wani babba da take jin nauyinsa, ya bayyana mata cewa amsar za ta amfani dukan 'ya'yanta da jikokinta, har da ita kanta, tun da mai ƙoda ɗaya ya fi kowa buƙatar sanin abin da zai tsare. Yarinyar ma a yi mata bayani a gaban likita, ita ta zaɓi ko za a gwada ta, kuma sakamakonta ya tsaya tsakaninku da wanda ta yarda ya sani.